Ciwon Gwiwar Hannu: Kafin a Kai Ga Wuƙar Likita

Daga lokacin da aka fara yankan shinkafa a fadamun Haɗeja har zuwa kaɗe riɗi, ba a rasa magidanci a Kafin Hausa ko Bulangu da zai ce hannunsa ya ƙi. Bai faɗi ba, bai gurɗe ba, babu kumburi. Amma da ya ɗaga buta, ko ya miƙa hannu a gaisa aka matsa, sai wani zafi ya soke shi a ɗan ƙashin nan da ya tasa a gefen waje na gwiwar hannu, ya gangara har wuyan hannu. Mata ma suna fama da shi, wajen daka, matsar wanki da jan guga. Haka kafinta, mahauci, birkila da masuncin da ya wuni yana jan koma.

Likitoci kan kira shi ciwon gwiwar 'yan wasan tanis, ko da yake yawancin masu shi ba su taɓa ganin filin wasan ba. Wani likitan Jamus mai suna Runge ne ya fara bayaninsa a 1873. Abin da ke faruwa shi ne, tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da yatsu duk sun haɗu a jijiya ɗaya da ta manne a jikin wancan ƙashi. Idan aka yi ta damƙa ana murɗawa sau ɗaruruwa a wuni, jijiyar kan riƙa tsintsinkewa kaɗan-kaɗan kamar igiyar guga da bakin rijiya ya ci, kuma gyaran da jiki ke yi ba ya cim ma ɓarnar. Ya fi kama 'yan shekara 35 zuwa 55, kuma a hannun da mutum ke neman abinci da shi.

Yanzu ana ta yaɗa labarin tiyatar ƙaramin huji, har wasu na ɗaukar ta kamar an samo maganin ƙarshe. Aikin gaskiya ne. Bayan an sa mutum barci ko an kashe hannun, likita zai huda ƙananan kafofi biyu ko uku a gefen gwiwar, ya zura siririyar kyamara ta ɗaya yana kallon cikin gaɓar a allo, ta ɗayar kuma ya zura ƙarfen da zai kankare ɓangaren jijiyar da ya lalace. Tabo kaɗan ne, kuma galibi ana sallamar mutum a ranar. Sai dai huji ne ƙarami, ba aikin ba. Jijiyoyin da ke motsa yatsu a nan kusa suke wucewa, kuskure kaɗan na iya raunana hannu. Wurin na iya yin ruwa, gaɓar na iya sagewa, kuma mai aikin ƙarfi zai yi watanni kafin ya koma riƙe fartanya yadda ya saba.

Ga abin da masu tallar ba sa faɗa: cikin mutum goma masu wannan ciwo, takwas zuwa tara suna warkewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu ba tare da wuƙa ta taɓa su ba. A birnin Sidni na Ostareliya, likitoci biyu, Kroslak da Murrell, sun raba marasa lafiya 26 gida biyu. Rabi aka yi musu tiyatar buɗe wurin aka cire ɓangaren jijiyar da ya lalace, rabi kuma aka tsaga fata kawai aka ɗinke, ba tare da sun san wanda aka yi musu ba. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna duka ɓangarorin sun samu sauƙi, kuma babu wanda ya fi wani. Mutanen ba su da yawa, gaskiya ne, amma sun isa su sa mai hankali ya dakata kafin ya kai sansa kasuwa don kuɗin tiyata. Likitan ƙashi na ƙwarai ba ya ma ta da zancen sai an yi wata shida zuwa shekara ana bin sauran hanyoyi sun gaza.

A ganina, haɗarin da ya fi kusa da mutanenmu yana cikin kemis, ba ɗakin tiyata ba. Akwai allurar da ake tsirawa a daidai wurin ciwon, mai sinadarin kotizon. Cikin 'yan kwanaki zafi ya ɗauke, mutum ya yi ta sa wa mai allura albarka, ya koma gona. Wani bincike da aka yi a Birisben kan mutum 165, aka buga a 2013, ya gano ciwon ya dawo wa kashi 54 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa ita kafin shekara ta zagayo, alhali cikin waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri kawai kashi 12 ne. Sai kuma ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen da wasu ke haɗiya safe da yamma na tsawon watanni. Suna jawo gyambon ciki, suna cin ƙoda, a yankin da ya daɗe yana kukan yawan ciwon ƙoda. Shi kuwa mai ɗori babu aikinsa a nan, tunda ba karaya ba ce, tsaga da ƙaho kuma fata kawai suke yi wa rauni.

Abin da ke aiki ba shi da tsada, haƙuri yake ci. A riƙa ɗaukar kaya tafin hannu na kallon sama. A naɗa tsumma a ƙotar lauje ko fartanya ta yi kauri, don kada sai an damƙe da ƙarfi. A ɗaura maɗauri mai faɗi kamar yatsu uku ƙasa da gwiwar lokacin aiki. Ana kuma motsa jijiyar: a ɗora hannu a kan tebur, tafi na kallon ƙasa ya zarce bakin teburin, a riƙe ƙaramar gorar ruwa, a ɗaga ta da taimakon ɗaya hannun, sannan a sauke a hankali da hannun mai ciwo shi kaɗai. Masu gashin ƙashi a asibiti za su nuna yadda ake ƙara nauyi sannu-sannu. Na san ce wa manomi ya huta a tsakiyar kaka magana ce ta wanda bai da gona, amma raba aikin da yara ko canza hannu abu ne mai yiwuwa.

Idan gwiwar ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi, ko yatsu suna mutuwa, ko hannu ya ƙi miƙewa bayan faɗuwa, wannan wani ciwo ne dabam, a tafi Babban Asibitin Kafin Hausa ko na Haɗeja a ranar. Wanda kuma ya shekara yana fama, ya nemi takardar turawa zuwa likitan ƙashi a Dutse, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In an ce masa tiyata, ya tambayi likitan sau nawa ya yi irinta a gwiwar hannu, da kuma wata nawa zai yi kafin ya sake riƙe lauje.