Tsohon keken ƙarfe na doguwar tafiya: Yadda ake gane nagari a kasuwar gwanjo

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, kuɗin zirga-zirga ya zama babban kaso a cikin abin da ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa ke kashewa a wata. Wannan ya sa wasu suka sake waiwayar keke, musamman na gwanjo da ake shigowa da shi daga Turai, wanda ake kira ɗan Beljiyam ko ɗan Kwatano.

A cikin tarin kekunan da ake jinginewa a bakin shagunan gwanjo akwai wani nau'i da ba kowa ke lura da shi ba, wato tsohon keken ƙarfe da aka ƙera domin doguwar tafiya da kaya. Sau da yawa fentinsa ya kode, kansa kuma lanƙwasasshe ne irin na keken tsere, don haka mai saye kan wuce shi ya nufi mai ƙyalli. Alhali idan gangar jikinsa lafiya take, zai iya kai mutum ofis ko kasuwa shekaru masu yawa, ɗauke da jaka da cefane. Sai dai shekara talatin ko arba'in ba wasa ba ce ga ƙarfe. A nan ne ake yin dace, a nan ne kuma ake yin asara, kuma abin da ke raba biyun shi ne firam, wato gangar jikin keken. Taya da sarƙa da birki duk ana sauya su, amma idan firam ya lalace, keke ya tashi daga aiki.

Abin da ya bambanta shi da sauran kekuna

Keken da aka fi sani a ƙasar Hausa shi ne na gargajiya irin su Raleigh da Phoenix, mai birkin sanda da giya ɗaya. Kamfanin Raleigh na birnin Nottingham a Ingila ya yi suna a nan har ya taɓa samun masana'antar haɗa kekuna a Kano. Irin wannan keke yana da juriya, amma nauyinsa kan kusanci kilo 20, kuma hawan tudu da shi aiki ne. Keken tsere kuwa ba shi da nauyi, sai dai ba a yi shi don kaya ba. Keken doguwar tafiya yana tsakaninsu: nauyinsa yawanci kilo 12 zuwa 14, yana da giya masu yawa, kuma an tsara shi ya ɗauki kaya gaba da baya ba tare da ya yi layi ba.

Shekarun 1970 da 1980 ne zamanin da irinsa ya fi tashe. Kamfanin Dawes na Ingila ya fito da samfurin Galaxy a 1971, kamfanin Trek na Amurka ya fito da 520 a 1983, Miyata na Japan yana da samfurin 1000, shi ma Raleigh yana da Randonneur da Royal. Amma suna kaɗai ba ya isa shaida, domin kamfani ɗaya kan yi keke mai tsada da mai araha a shekara guda, da tambari iri ɗaya.

Alamomin da ke nuna shi a jikin keken suke. Ta farko ita ce tsawon sandunan nan biyu da suka tashi daga gindin feda zuwa tsakiyar wilin baya. A keken tsere tsawonsu kan kasance santimita 40 zuwa 41, a na doguwar tafiya kuwa 44 zuwa 46, don kada dunduniyar mahayi ta riƙa bugun jakar da ke rataye a kariya. Ko babu abin awo, idan yatsu uku suka shiga tsakanin tayar baya da bututun da ke riƙe sirdi, alama ce mai kyau. Ta biyu ita ce 'yan ramukan noti da aka yi wa firam ɗin tun daga masana'anta, kusa da inda wili ke ɗaurewa gaba da baya, domin kafa kariya da madigadi. Wasu ma suna da irin wannan rami a tsakiyar fok ɗin gaba. Ta uku ita ce faranti uku na haƙora a wajen feda, ƙaramin cikinsu na hawan tudu da kaya. Ta huɗu ita ce birkin da hannuwansa biyu ke kafe a jikin fok, ɗaya a kowane gefe, wanda ke barin sarari ga taya mai kauri. Sannan a ƙirga sifokin wili. 36 ne aka saba, wasu ma 40 a baya.

Yadda ake sanin ingancin ƙarfen

Da farko a tabbatar ƙarfe ne. Ɗan maganaɗisu a aljihu ya wadatar: yana manne wa ƙarfe, ba ya manne wa alminiyam. Amfanin ƙarfe ga mai keke a nan shi ne idan ya lanƙwashe kaɗan ana iya miƙe shi, kuma ƙwararren mai walda zai iya gyara shi, abin da ke da wuya ga alminiyam.

Daga nan sai a duba 'yar takardar da ke manne a bututun sirdi, wadda ke faɗin irin ƙarfen. Sunan da ya fi shahara shi ne Reynolds 531, wanda wani kamfani na Birmingham ya fara yi a 1935. Akwai kuma Columbus na Italiya, da Tange da Ishiwata na Japan, da lambar 4130 da ake rubuta wa ƙarfen da aka gauraya da sinadaran kuromiyam da molibdenam. Mafi kyau a cikin waɗannan bututai su ne masu kauri a baki, inda ake haɗi, da siranta a tsakiya, misali milimita 0.9 a baki da 0.6 a tsakiya. Wannan dabara, wadda Reynolds ya yi wa rajista tun 1897, ita ke rage nauyi ba tare da an rage ƙarfi a inda ake buƙatarsa ba.

Takarda kan ɓare, kuma ana iya manna ta ƙarya. Shi ya sa masana ke duba kaurin sandar sirdi, wanda yawanci a rubuce yake a jikinta. Milimita 27.2 alama ce ta bututu mai sirara kuma nagari, yayin da 25.4 ke nuna ƙarfe mai kauri na keken araha. A kuma duba ƙarshen firam inda wilin baya ke shiga. A keke nagari ƙarfen wurin yana da kauri, an ƙera shi da tsari, a na araha kuwa falle ne da aka yanko aka matse. Mahaɗar bututan ma tana magana. A yawancin tsofaffin kekuna ana zura bakin bututu ne a cikin wata 'yar rigar ƙarfe a liƙe da tagulla. Idan gefen rigar ya fita tsaf babu rami babu giɓi, an yi aikin da kulawa.

Gano shekarun keke

Lambar keke tana ƙarƙashin gindin feda ko a bututun sirdi. A kekunan Raleigh na tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1980, harafin farko na nuna masana'anta, N na nufin Nottingham, W kuma Worksop, inda ake yin masu tsada, sannan lambar farko da ke bin haruffan ita ce lambar ƙarshe ta shekarar ƙira. Kayan Shimano kuwa suna ɗauke da ƙananan haruffa biyu a bayansu: na farko shekara, inda A ke nufin 1976, B 1977, haka har zuwa gaba, na biyu kuma wata, daga A na Janairu zuwa L na Disamba. Idan giya da birki da feda duk suka nuna shekara ɗaya ko biyu makusanta, da alama kayan asali ne, ba a yi wa keken haɗe-haɗe ba.

Aibobin da ke hana ciniki

Aibi mafi haɗari shi ne na karo. Keken da ya taɓa dukan mota ko bango da gaba yakan bar shaida a bayan wuyansa. A shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, daf da inda suka haɗu da wuya. Idan aka ji ƙullutu, ko aka ga fenti ya yamutse ko ya tsage a zagaye, ƙarfen ya taɓa lanƙwashewa, kuma wata rana zai iya karyewa a kan titi. A kuma tsaya a gefe a dubi fok: sashensa na sama ya kamata ya bi layi ɗaya da wuyan keken. Idan ya koma baya, an yi karo.

Na biyu shi ne karkacewa. A ɗaura zare a ƙarshen firam na baya, a zagayo da shi ta wuyan keken, a dawo da shi ɗaya gefen. Tazarar zaren da bututun sirdi ta zama ɗaya hagu da dama. Bambancin milimita ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma wanda ido ke gani daga nesa matsala ce.

Na uku shi ne tsatsa. A ƙasashen Turai ana zuba gishiri a tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, kuma gishirin nan yana cin ƙarfe, wani lokaci daga ciki. Tsatsar sama da ke fita da goga ba abin damuwa ba ce. Abin tsoro shi ne fentin da ya kumbura kamar ƙuraje, musamman a ƙarƙashin gindin feda da sandunan baya. A danna wurin da bakin sukundireba. Idan ya lotsa, a haƙura. A ɗaga keken a girgiza shi kuma, domin ƙarar ɓarɓashi a cikin bututu alamar tsatsar ciki ce. Sabon fenti a kan tsohon keke yakan zama kyan ɗan maciji, don haka wanda ya sha fenti ya fi buƙatar bincike.

Na huɗu shi ne sandar sirdi ko ta kan keke da ta maƙale. Alminiyam da ƙarfe idan suka daɗe tare babu giris sukan kama juna, har ya zama sai an yanka. Mai saye ya nemi a kwance notin a gabansa, ya ga sirdin ya hau ya sauka. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan ya riga ya ba da amsa.

Batun kayan gyara

Keke mai kyau da babu tayarsa a gari ado ne kawai. A karanta lambar da ke gefen taya, irin su 32-630 ko 37-622. Lamba ta biyu ita ce faɗin rim a milimita. Mai 630 shi ne tsohon inci 27, 622 shi ne wanda ake kira 700C, wanda ya maye gurbinsa, 635 kuma shi ne na keken gargajiya mai inci 28. Tayar ɗaya ba ta shiga rim ɗin ɗaya. Kafin a biya kuɗi, a leƙa wurin masu kayan keke a ji wace ce ke samuwa. Ana iya sauya wilin 630 da na 622, amma sai robar birki ta iya sauka milimita 4, kuma ba kowane birki ke ba da wannan dama ba.

Tsofaffin kekunan Faransa, irin su Peugeot na kafin tsakiyar shekarun 1980, suna da tasu matsalar. Zaren notin gindin fedarsu da kaurin sandar kansu sun bambanta da na Ingila da Japan, waɗanda yawancin kayan gyaran yau ke bi. Keken na iya zama nagari, amma ranar da boris ɗinsa ya ci, neman madadi zai ba da wahala.

Sarƙa ma ana auna ta. Daga ƙusa ɗaya zuwa ta 24 a gabanta, sabuwar sarƙa inci 12 ce daidai. Idan ta zarce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta cinye, kuma galibi ta cinye haƙoran giya tare da ita. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne. Haka nan taya da tif da wayar birki da robarsa: a ɗauka duk za a sauya su, a haɗa kuɗinsu da na makanike a kan farashin keken, sannan a kwatanta da na wani.

Kafin a sallama

Girman keke ba ya gyaruwa. Mai saye ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa a ƙasa. Ya kamata a sami tazarar santimita 2 zuwa 5 tsakaninsa da bututun sama. Mai sanya doguwar riga ya yi la'akari da wannan sosai, ya kuma tanadi marufin sarƙa ko abin ɗaure ƙafar wando. Wanda lanƙwasasshen kai bai yi masa ba zai iya sauya shi da miƙaƙƙe, amma sai an sauya hannuwan birki tare.

Ba a cinikin biri a sama, don haka hoton WhatsApp ko na Facebook ba ya isa. A hau keken, a bi dukkan giya, a taka birki da ƙarfi, a sassauta riƙo a kan miƙaƙƙiyar hanya a ji ko yana ja gefe guda. Zuwa da makaniken keke da aka yarda da shi, ko da za a biya shi ladan rakiya, ya fi araha a kan firam ɗin da ya tsage.

Daga ƙarshe a karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai sayarwa da lambar keken. Idan aka ga an goge lambar ko an kankare ta, a bar keken komai araharsa, domin ranar da mai shi ya gan shi, wanda aka same shi a hannunsa ne zai fara amsa tambayoyi a ofishin 'yan sanda.