Lauyan Gwamnati Ba Lauyanki Ba Ne

 Harabar kotu wuri ne mai rikita mutum. Ga masu baƙar kwat suna kai da komo, kowa da fayil a hammata, kowa ana ce masa Barista, sai ki ɗauka duk aikinsu ɗaya ne. Alhali wani an ɗauko shi ne ya kare wanda kike ƙara, wani gwamnati yake wa aiki, wani ma ba lauya ba ne sam. Rashin bambance su ya sa mata da dama sun zauna jiran wanda ba aikinsa ba ne ya nemo musu haƙƙinsu.

A Ingila aikin lauya kashi biyu ne: barista mai tsayawa gaban manyan kotuna, da solisita mai ba da shawara da rubuta takardu. A Nijeriya an haɗe su. Duk wanda ya gama digirin shari'a, ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, aka rantsar da shi, sunansa ya shiga rajistar Kotun Ƙoli, to yana iya yin duka biyun. Shi kuwa SAN da kike gani a bayan sunan wasu, lambar girma ce da aka fara bayarwa a 1975, kuma sai wanda ya shekara aƙalla 10 yana aikin. Folake Solanke ce mace ta farko da ta samu, a 1981. Rikicin ciyar da yara dai bai kai a ɗauko SAN ba, kuɗinsa ma ya isa ya cinye abin da ake nema.

Babban abin da ya kamata ki riƙe shi ne shari'a iri biyu ce. Akwai ta neman haƙƙi, kamar gado, sadaki, ciyarwa, riƙon 'ya'ya da bashi. Wannan taki ce. Ke za ki shigar, ke za ki bi, ke za ki janye in kin so. Ba wani jami'in gwamnati da zai ɗauke miki ita. A kotun shari'ar Musulunci kina iya tsayawa da bakinki, kina iya wakilta ɗan'uwanki, kina iya ɗaukar lauya. Masu cewa ɗaukar lauya baƙon abu ne a addini su duba Tuhfa ta Ibn Asim, littafin da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da shi, babi guda aka ware wa wakilci.

Akwai kuma ta aikata laifi, kamar fashi, fyaɗe ko kisa. Nan ne ake yawan ruɗewa. Ko da 'yarki aka cuta, a idon doka gwamnati ce mai ƙara, ke da yarinyar shaidu ne. A ƙananan kotuna sau da yawa ɗan sanda ne mai gabatar da ƙara. In laifin babba ne, sai a tura fayil Ma'aikatar Shari'a, ofishin daraktan gurfanar da masu laifi ya duba ko hujjojin sun isa a kai mutum babbar kotu. Wannan shi ne "jiran shawarar ma'aikata" da za ki ji ana ɗage zama saboda shi wata da watanni. Lauyan da zai tsaya daga baya, shi ake kira lauyan gwamnati. Ma'aikaci ne mai albashi, ba ke kika ɗauke shi ba, ba ki biyansa, kuma ba daga wurinki yake karɓar umarni ba. Ana iya yi masa canjin wurin aiki ana tsakiyar shari'a, wani ya gaji fayil ɗin.

Shugabansu duka shi ne Antoni Janar, wanda a jiha shi ne Kwamishinan Shari'a. Gwamna ke naɗa shi, kuma dole ya kasance lauya na shekara aƙalla 10. Sashe na 211 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi ikon shigar da ƙarar laifi, ko karɓe wadda wani ya shigar, ko dakatar da ita kafin a yanke hukunci. Sashe na 174 ya ba takwaransa na tarayya irin wannan iko. A ganina iko ne mai nauyi ƙwarai a hannun wanda siyasa ta kawo, shi ya sa bai kamata iyalin da aka zalunta su koma gida su naɗe hannu ba. Kina da damar ɗaukar naki lauyan ya riƙa zama a kotu yana sa ido, yana bibiyar fayil a ma'aikata, yana rubuta koke in ya ga ana jan ƙafa. Sai dai a shari'ar kisa a ƙarƙashin dokokin Musulunci da jihohi suka fara kafawa daga Zamfara a 2000, magadan mamaci suna da ta cewa: ƙisasi, ko diyya, ko yafiya.

To wadda ba ta da halin biya fa? Akwai lauyan da gwamnati ke biya amma mai ƙaramin ƙarfi yake tsaya wa. Shi ne na Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, aka sabunta dokarta a 2011, tana da ofisoshi a jihohi. Mafi yawan aikinta kare wanda ake tuhuma ne, don haka in ɗanki ne aka tsare, can za ki nufa, ba wurin lauyan gwamnati ba, domin shi ne mai neman a hukunta shi. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana taimaka wa mata da yara kyauta.

Shi alƙali ba na kowa ba ne, kuma Ƙadi na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba dole ne ya zama lauya ba, malami masanin fiƙihu mai shaidar karatu yana iya hawa kujerar. Magatakardan kotu ma ma'aikaci ne, karɓar takardu da sa ranar zama ne aikinsa. Wanda kuwa ya tare ki a bakin ƙofa ya ce shi lauya ne, ki tambayi inda ofishinsa yake, ki karɓi rasidin duk abin da kika biya, sannan ki duba takardar da ya rubuta miki ko tana ɗauke da hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa mai sunansa da lambarsa.