Wace Bakandamiyar Shata ce ta gaskiya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan tireda a Kakau, kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya aiko mana cewa musu ya kaure tsakaninsa da amininsa direba, har gaisuwa ta fara yin wuya. Shi yana da kaset ɗin Bakandamiyar Shata da ya gada wajen mahaifinsa, abokin kuma yana da tasa a memori. Baitocin sun sha bamban, kowa na cewa ta ɗan'uwansa jabu ce. Wace ce ta gaskiya?

AMSA: To malam, ku sha kuruminku, mai yiwuwa ne dukkanku kuna da gaskiya. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ba rubuta waƙa yake yi ba. A fili yake shirya ta, gwargwadon taron da ke gabansa. Bakandamiya kuwa ya rera ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ɗaukar da aka yi a ɗakin gidan rediyo daban take da wadda aka yi a wajen biki, inda zai ga wani babban mutum ya jefa sunansa a ciki.

Irin wannan musu ba a kanku aka fara ba. A ƙasar Italiya akwai wasan kwaikwayo da suke kira opera, wanda daga farkonsa har ƙarshe da waƙa ake yi. Su a rubuce waƙar take. Duk da haka masoyansa suna nan suna gardama. Wata zabiya mai suna Maria Callas ta yi faifan wasan Tosca a 1953, ta sake yi a 1964. Wasu su ce na fari ya fi, don muryarta na da ƙarfi, kuma jagoran makaɗan, Victor de Sabata, gwani ne. Wasu su ce a na biyu ta fi taɓa zuciya, ko da muryar ta fara gajiya. To idan rubutacciya ta jawo musu, ina ga wadda ake shiryawa nan take?

Don haka maimakon jabu da gaskiya, ga abin da za ku auna. Na ɗaya, murya: ta ƙuruciya ce ko ta manyanta? Na biyu, kalangu: yana bin bakin mawaƙin ko yana danne shi? Na uku, 'yan amshi: suna karɓa a kan kari? Na huɗu, ku lura da kaset ɗin kansa, don idan zare ya saki, murya kan ja ko ta yi rawa, ba laifin mai waƙa ba ne. Haka za ku auna Narambaɗa da Ɗanƙwairo, masu kiɗan kotso.

Shawarata, kada ka yar da kaset ɗin nan na baba. Ka nisanta shi da rana da zafi, ka kai a juye maka shi a memori tun bai tsinke ba. Wataƙila ɗaukar da ke hannunka ba kowa ke da ita ba. Sannan ka kira abokinka, ku shimfiɗa tabarma, ku saurari duka biyun. Allah Ya bar zumunci.