Disk Cleanup

Disk Cleanup wata manhaja ce ta kamfanin Microsoft da ke zuwa tare da Windows tun daga Windows 98. Aikinta shi ne samar da fili a rumbun ajiyar kwamfuta idan ya cika. Tana zaƙulo fayilolin wucin gadi da tarkacen Recycle Bin, ta nuna girman kowanne, mai kwamfuta ya zaɓi na gogewa.

Inda ake taka-tsantsan shi ne foldar Windows.old. Takan cinye gigabait masu yawa, amma tsohuwar Windows ce a ciki, kuma da zarar an goge ta babu damar komawa baya idan sabuwar ta ba da matsala. A shekarar 2018 Microsoft ya sanar cewa Storage Sense zai maye gurbin manhajar.