Madubi 170 cikin rairayi: fasahar zamani da mutuwa a hamadar Tenere

1. Matsalar

A Damargu, ko a maƙabartar garin Tanut ko a mashekarin makiyayan Tenhya, ba a yin kabari domin ya daɗe. Ana gina rami, a kwantar da mamaci cikin likkafani yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko katangar tukunya a bisa, a mayar da ƙasa. Wani lokaci akan kewaye tudun da duwatsu ko ƙaya saboda namun daji. Bayan ƴan damuna tudun ya baje. Malaman mazhabar Malikiyya ma sun karhanta gini a kan kabari. Abin da ke riƙe mamaci a tsakanin masu rai shi ne addu'a, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da sunansa da ake maida ma jika.

Mutuwar jama'a da yawa kuwa, suna ake laƙaba mata. Yunwar 1913 zuwa 1914 Kakalaba ce, ta 1984 kuma El-Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya. Da irin waɗannan sunaye tsofaffi ke ƙidayar shekarun haihuwa.

Tambayar da wannan takarda ke dubawa ita ce: a ƙasar da al'adarta ke nan, wadda kuma ba ta son sassaƙa siffar mutum, wace hanya ta rage ma fasahar zamani idan tana son ta tsayar da mai kallo gaban mutuwa? Akwai amsa guda da aka shimfiɗa a ƙasa, gabas maso arewa da Damargu, bayan duwatsun Termit.

2. Abin da ya faru

Ran 19 ga Satumba 1989 jirgin sama samfurin DC-10 na kamfanin UTA ya taso daga Barazabil, ya yada zango a Injamena, ya nufi Paris. Bai cika awa guda da tashi ba sai bam da aka ɓoye cikin akwati ya tarwatsa shi a sararin Tenere. Mutum 170 ke ciki, fasinja 156 da ma'aikata 14, ƴan ƙasashe 18. Babu wanda ya tsira. A 1999 wata kotu a Paris ta yanke ma ƴan Libiya shida hukuncin ɗaurin rai da rai a bayan idonsu, cikinsu har da Abdullahi Sanusi, surukin Kanar Gaddafi. A Janairun 2004 ɓangaren Libiya ya amince da biyan diyyar dala miliyan 170, wato miliyan guda ga kowane rai.

Daga cikin wannan kuɗi ne ƙungiyar iyalan mamatan, ƙarƙashin Guillaume Denoix de Saint Marc wanda mahaifinsa ke cikin jirgin, ta gina abin tunawa a 2007, ƴan kilomita daga inda tarkacen ya zube. Sama da mutum ɗari ƴan Nijar ne suka yi aikin da hannu, cikin zafin bazara.

3. Yadda aikin yake

An kwaso baƙaƙen duwatsu da manyan motoci daga nesa, aka shimfiɗa da'ira mai faɗin kusan mita 60. A tsakiyarta an bar rairayi fili, ba dutse, a siffar jirgin daidai girmansa, hancinsa na duban Paris inda bai kai ba. A bakin da'irar an kafa fiffiken jirgin na gaske a tsaye, da allo mai ɗauke da sunayen mamatan. Sannan aka jera madubi 170 a kewaye, kowanne a fashe.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi: ba a zana jirgin ba, gurbinsa aka bari. Duwatsun sun kewaye abin da babu. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin mamaci bayan an watse daga zaman makoki, ya ga inda tabarmarsa take, ya san irin wannan magana.

Na biyu, kuma a ganinmu shi ne zuciyar aikin, madubin. Da an so, da an sa hotunan mutanen, kamar yadda Christian Boltanski na Faransa ya riƙa jera hotunan matattu ƙarƙashin ƙananan fitilu a ayyukansa. Amma hoto yana ce ma mai kallo: ga wani can da ya mutu, kai kana nan. Madubi ba ya ba da wannan tazara. Wanda ya sunkuya domin ya ga mamaci, fuskarsa zai gani, a tsage. Hausawa na cewa mutuwa rigar kowa ce. A nan an miƙa ma baƙo rigar ya gwada. Dabarar ba sabuwa ba ce ɗungum, domin bangon da Maya Lin ta tsara a Washinton a 1982, mai sunayen sojojin Amurka fiye da dubu 58 da suka mutu a yaƙin Biyetnam, baƙin dutse ne da aka goge har mai karanta suna ke ganin kansa a ciki. Bambancin shi ne na Tenere an fasa shi. Kuma fasasshen abu a bakin kabari ba baƙo ba ne a wurinmu, tun da katangar tukunya muke rufe namu.

Ta haka aikin ya kauce ma siffanta mai rai, ba tare da ya rasa abin faɗa ba. Kirista ko Musulmi, ɗan Kongo ko ɗan Cadi ko Bafaranshe, babu wanda aka ɗora ma alamar addinin wani.

4. Wa ke kallo?

A nan ne aikin ke da rauni, ko aƙalla abin tuhuma. Wurin ba ya kan hanyar kowa, sai ayarin Tubawa ko Abzinawa da ya ratsa. Mutumin da ke tsaye a ƙasa ma ba ya iya ganin siffar jirgin gaba ɗaya, sai daga sama. Mafi yawan waɗanda suka san shi a hotunan tauraron ɗan adam na Google Earth suka gan shi, kuma daga can madubin ba ya nuna fuskar kowa. Ke nan aikin ya rabu biyu: siffa ta masu kwamfuta, madubi na mai raƙumi. Sai dai wani abu ya maido shi kusa da kabarin Damargu, wato iska. Dutsen da aka aje a rairayin Tenere, ko ba daɗe ko ba jima, rairayi zai hau kansa, kuma masu ginin ba su ɗaga shi bisa siminti domin hana hakan ba.

Akwai kuma batun wanda ake yi ma irin wannan aiki. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su: yara 52, mata 33, maza 7. Akasarinsu daga yankin Kance suka fito, cikin jihar Damagaram, kuma hanyar da ta haɗa Damagaram da Agadas ta Tanut take bi. Gwamnati ta yi makokin kwana uku. Babu wata ƙasa da ta biya diyyarsu. Sojoji da ƴan agaji ne suka yi musu salla, suka rufe su a inda aka same su.