Ƙofar zuciya mai yoyo a ɓoye

A ɓangaren hagu na zuciya akwai ɗakuna biyu, na sama da na ƙasa. Tsakaninsu akwai ƙofa mai murfi biyu da likitoci ke kira bawul ɗin mitral: jini ya sauka ƙasa, ta rufe, kada ya koma. A jikin mutum 2 zuwa 3 cikin 100, murfin yakan yi laushi, ya riƙa bultsowa sama duk lokacin da zuciya ta matse. Likitan Afirka ta Kudu, John Barlow, ne ya nuna a shekarun 1960 cewa 'yar ƙarar da ake ji a ƙirjin irin waɗannan mutane daga wannan ƙofa take fitowa.

Mafi yawansu za su tsufa lafiya ƙalau. Damuwata tana kan ƙalilan ɗin da ƙofarsu ta fara yoyo.

Idan murfin bai haɗu daidai ba, wani jinin yakan koma sama a kowane bugu. Zuciya kuwa akwai haƙuri. Sai ta ƙara girma, ta ƙara ƙoƙari, ta rufa wa kanta asiri shekara da shekaru, mai ita yana noma, yana kasuwa, bai san komai ba. Ranar da ya fara haki a kan 'yar tafiya, ko ya kasa kwanciya sai da tulin matashi, ko ƙafafu suka kumbura, sau da yawa tsokar ta riga ta gaji.

Ɗakin sama kuma, idan jinin da ke komawa ya sa ya ƙara girma, yakan rikita bugun zuciya. Jini ya daskare a lungunsa, gudan ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Wani lokaci ɗaya daga cikin zaruruwan da ke riƙe da murfin ne zai tsinke, ruwa ya cika huhu cikin sa'o'i. Ƙwayoyin cuta daga ruɓaɓɓen haƙori ma kan bi jini su zauna a kan bawul ɗin, zazzaɓi ya ƙi sauka, a yi ta shan maganin maleriya a banza. Mutuwar fuju'a tana faruwa, amma ba kasafai ba.

A asibitocinmu, abin da ya fi lalata wannan ƙofa shi ne ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba. Wannan larura ce daban, hoton zuciya na eko ne ke rarrabe su. Shi ne kuma ke nuna girman yoyon tun kafin jiki ya koka. A wannan lokacin tiyata ta fi amfani, domin galibi ana iya gyara bawul ɗin mutum ba sai an sa masa na ƙarfe ba, wanda ke tilasta shan maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa.

Wanda likita ya taɓa ce masa ya ji ƙara a ƙirjinsa, don Allah kada ya jira haki. Ya nemi a yi masa eko, ya tambayi ranar da zai dawo, ya kuma kula da haƙoransa.