Ko Kun Sani? Daga Ina “OK” Ta Fito?

Kalmar nan “OK” da muke aikawa a WhatsApp sau ba adadi, da wasa ta fara. A wajajen 1830 da ɗoriya, samarin birnin Boston a Amurka sun shiga wani yayi na taƙaita kalmomi da haruffansu na farko, kuma da gangan suke ɓata rubutun don ban dariya. Ranar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga “o.k.” a madadin “oll korrect”, wato karkatacciyar hanyar rubuta “all correct”, ma'ana komai daidai ne.

Yawancin sauran kalmomin yayin sun mutu. Siyasa ce ta raya wannan. A zaɓen 1840, Shugaba Martin Van Buren, ɗan garin Kinderhook a jihar New York, ana yi masa laƙabi da “Old Kinderhook”, sai magoya bayansa suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Club. Ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, amma kalmar ta samu gindin zama, daga baya masu aika saƙon tangaraho suka riƙe ta don nuna saƙo ya iso lafiya.

An daɗe ana jayayya kan asalinta, wasu na cewa daga harshen ƙabilar Choctaw take. Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ne ya tono tsofaffin jaridu a 1963 da 1964 ya kafa hujjar Boston. Yau dai tana nufin “na yarda”, “lafiya lau”, ko ma “ba yabo ba fallasa”, ya danganta da yadda aka furta ta.